Maƙala ta shiga, biza ba ta fito ba: yaya mai binciken kwamfuta a Jamus zai tsara shekararsa?

Zulai: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina so mu tattauna wata matsala da kullum take dawowa cikin wannan zaure. Mu ɗauki mai bincike riƙe da koren fasfon Najeriya, yana aikin fosdok, wato binciken bayan digirin digirgir, a wata jami'ar Jamus da kwantiragin shekara biyu, fanninsa sarrafa harshe da kwamfuta, bayanan da yake aiki da su na Hausa ne. Yana son ya tura maƙala babban taron da za a yi a Kanada. Daga ina zai fara lissafi? Yaushe ya kamata gwaje-gwaje su ƙare, yaushe zai nemi biza, kuma wa zai biya kuɗin tafiyar? Don Allah a yi mana dalla-dalla.

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Daga ƙarshe ake fara lissafin, a riƙa dawowa baya. Ranaku huɗu zai rubuta a bango: ranar rufe karɓar maƙala, makon martani ga masu bita, ranar sakamako, da ranar buɗe taro. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne tazarar da ke tsakanin biyun ƙarshe. NeurIPS, babban taron masu binciken koyon na'ura, kan fitar da sakamako a ƙarshen Satumba, a yi taro a Disamba. ACL, babban taron sarrafa harshe da kwamfuta, a 2023 ta fitar da sakamako a farkon Mayu, aka yi taron a Toronto cikin Yuli. Wato mako goma ne ko sha ɗaya. Ga wanda fasfonsa ba ya buƙatar biza, wannan lokaci ya yi yawa ma. Ga mai koren fasfo kuwa, cikin mako goman nan ne zai biya rajista, ya jira wasiƙar gayyata, ya cika fom, ya je a ɗauki zanen yatsunsa, ya jira hukunci, sannan ya aika fasfo a manna biza a dawo masa da shi. Ko guda ɗaya ya tsaya, shi ke nan.

Saboda haka ni a wurina shirin tafiya yana farawa ne ranar da aka tura maƙala, ba ranar da aka karɓe ta ba.

Injiniya Sale: Kafin a kai ga biza, a gyara zancen wa'adi, domin nan ma ana yin asara. Yawancin tarukan fannin nan suna rufewa da ƙarfe 11:59 na dare a agogon AoE, wanda yake bayan agogon GMT da awa 12. A agogon Najeriya wannan ƙarfe 12:59 ne na rana, washegari. A Jamus haka yake da hunturu, da bazara kuma ƙarfe 1:59. Wannan rabin yinin ba na rubutu ba ne, na ɗora fayil ne da duba shi. A awannin ƙarshe OpenReview, shafin da ake ɗora maƙala, kan yi nauyi, Overleaf da ake rubutu a kansa ma haka, tunda duk duniya a lokacin take kansu. A ɗora cikakken kwafi kwana ɗaya kafin wa'adi, in ya so a riƙa sauya shi da wanda aka gyara.

Sannan akwai ƙananan abubuwan da ke sa a jefar da maƙala tun kafin wani ya karanta ta. A tarukan ACL doguwar maƙala shafi 8 ce, gajeruwa shafi 4, ban da jerin manazarta, kuma sashen da ke bayyana iyakokin aikin wajibi ne. Sunan jami'a ya ɓuya cikin adireshin GitHub, shafin ajiye lambar manhaja, da aka manna a ƙasan shafi, ko a matse tazarar layuka don rubutu ya shiga shafi 8, duk suna jawo kora. Haka kuma duk marubutan su tabbatar suna da cikakken asusu a OpenReview tun da wuri, domin wanda ya buɗe da imel ɗin da ba na jami'a ba kan jira kwanaki kafin a amince masa.

Zulai: Injiniya, to gwaje-gwajen fa? Mako nawa kafin wa'adi ya kamata a tsayar da su?

Injiniya Sale: A fara da lissafin awannin GPU, wato katunan lissafin da ake horar da samfuri a kansu, ba da fata ba. Ki ce samfuri 3 ne za a gwada, a kan tarin bayanai 4, kowanne a maimaita sau 5 da lambar somi daban. Gudu 60 ke nan. In kowane gudu awa 6 ne, awa 360 ke nan. In an ba mutum GPU 4 a lokaci guda, awa 90, bai kai kwana huɗu ba. A takarda ke nan. A zahiri a ninka sau uku, saboda abu biyu. Na farko layi: makonni biyu kafin wa'adin babban taro kowa a sashen yana tura aiki, Slurm kuma, tsarin da ke jera ayyuka a layi, yana rage wa wanda ya ci kasonsa da yawa fifiko, sai aikin da a da ke farawa cikin minti biyar ya kwana yana jira. Na biyu, zagayen farko kusan kullum akwai kuskure a cikinsa, sai an sake.

A kuma auna ƙwaƙwalwar katin tun kafin a tsara aiki. Samfuri mai sigogi biliyan 7 yana cin kusan gigabayit 14 in dai gudanar da shi kawai za a yi a bf16, mai bayit 2 ga kowace siga. In za a horar da dukkan sigoginsa da Adam, hanyar horon da aka saba amfani da ita, ana ƙiyasta bayit 16 ga kowace siga, gigabayit 112 ke nan, tun ba a zuba bayanai ba. Katin A100 mai gigabayit 80 ba zai ɗauka shi kaɗai ba. Ko dai a raba a kan katuna da yawa, ko a koma LoRA, wadda ke horar da ɗan ƙaramin kaso na sigogi kawai. Wannan shawara ce ta watan farko, ba ta makon ƙarshe ba.

Ni dai abin da nake ba da shawara: manyan gwaje-gwaje su ƙare mako uku kafin wa'adi. Mako biyu na rubutu da zane-zane, mako ɗaya na cike gurbin da rubutun zai tona, domin sai an zauna rubuta sakamako ake gane cewa an manta da wani kwatance.

Malam Habu: Ina ƙara wani abu a kan na Injiniya, tunda Zulai ta ce bayanan Hausa ne. Kuskuren da ya fi cin watanni a nan ba na GPU ba ne, na haruffa ne. Rubutun Hausa da ake kwasowa daga intanet gauraye yake: wani shafi yana sa ƙ da ɗ da ɓ, wani ba ya sawa, wani kuma yana rubuta k' da d'. A Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya 'y. Alamar ɗauri kanta tana zuwa da siffa uku ko fiye, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya da wata dabam, ido ba ya bambanta su amma kwamfuta tana ɗaukarsu haruffa mabambanta. Sai ka ga 'ya'ya ta kasu kalma uku a cikin ƙididdiga.

Wanda ya ce zai huta ya share lanƙwasa duka, ya haɗa ƙasa da kasa, ɓari da bari, ɗaka da daka. Wani lokacin makin ma ya ɗan hau, amma abin da ya auna ba Hausa ba ne sosai. Abin da ya dace shi ne a yanke shawara ɗaya, a rubuta ta cikin maƙala, a yi wa kason horo da kason gwaji iri ɗaya. In an gyara ɗaya an bar ɗaya, maki zai faɗi, mutum ya yi ta zargin samfuri alhali laifin na rubutu ne.

Na biyu, maimaici. Labari ɗaya kan fito a shafuka biyar da ɗan sauyin kanu. In aka raba bayanai ba tare da an cire maimaici ba, jimlolin gwaji suna cikin na horo, maki ya yi kyau na ƙarya. A cire maimaici bayan an daidaita haruffa, ba kafin ba, in ba haka ba jimla ɗaya mai lanƙwasa da marar lanƙwasa za su wuce a matsayin biyu. Wanda ke aiki da tarin bayanai irin su MasakhaNER ko NaijaSenti ko AfriSenti ya tsaya kan rabon da masu su suka yi, don a iya kwatanta sakamakonsa da na wasu.

Dakta Rabi: Malam Habu ya taɓo inda masu bita ke kama mutum. Bambancin rabin maki tsakanin hanyarka da ta wani, alhali tsakanin maimaici biyar naka kaɗai ana samun bambancin kusan maki ɗaya, ba ci gaba ba ne. A sa matsakaici da girman warwatsuwa a tebur. Kuma ranar da aka tura maƙala a sa wa lambar manhajar aikin alama a git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin gyare-gyarenta, a adana fayilolin saiti da sakamakon kowane gudu a wurin da ba a sharewa. Cibiyoyin lissafi da yawa suna goge ma'ajiyar wucin gadi bayan wasu makonni. Martani yana zuwa bayan wata ɗaya ko biyu, kwanakinsa kuma ba su cika wuce mako ba. In mai bita ya ce a ƙara kwatance guda, wanda samfurorinsa ke ajiye zai yi cikin kwana biyu. Wanda aka goge wa sai ya ba da haƙuri.

Kada kuma a sa wata tafiya a makon martani. Wannan makon na zama ne.

Ɗanjuma: Dakta, ina da ja a kan maganarki ta farko. Neman biza kafin sakamako yana da nasa haɗarin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ake karɓa a manyan tarukan nan. Mutum ya nema ba shi da shaidar cewa zai gabatar da komai, hujjarsa ta yi rauni, a ƙi shi. Daga ranar, duk fom ɗin Kanada ko Birtaniya ko Amurka da zai cika akwai tambayar ko an taɓa hana shi biza, dole ya ce e. Ya saya wa kansa tabo a kan maƙalar da wataƙila ma ba za ta shiga ba.

Dakta Rabi: Gaskiyarka Ɗanjuma, amma ban ce a miƙa takarda da hannu wofi ba. Shiri daban, miƙawa daban. Abin da za a gama kafin sakamako: a duba ranar ƙarewar fasfo da yawan shafukan da suka rage, a duba ranar ƙarewar izinin zama, a karɓi wasiƙar ma'aikata mai faɗin matsayi da albashi da ranar ƙarewar kwantiragi da cewa jami'a ce za ta biya, a tara takardun albashi na wata uku da bayanin banki, a cika fom ɗin a bar shi a ajiye, a rubuto tarihin tafiye-tafiye da na aiki na shekara goma domin suna tambaya. Ranar da sakamako ya fito, a biya rajista a ranar, a nemi wasiƙar gayyata a ranar. Sai ya zama an miƙa cikin kwana biyu maimakon mako uku.

Amma in taron na ba da wasiƙa tun kafin sakamako, kamar yadda wasu suke yi ga wanda ya yi rajistar halarta, kuma shugaban sashe ya sa hannu cewa za a tura mutum ko maƙala ta shiga ko ba ta shiga ba, to hujjar ta cika, a miƙa.

Farfesa: Ku duka biyun kuna kan hanya. Ga Kanada: kuɗin bizar ziyara dalar Kanada 100 ne, zanen yatsu 85, kuma zanen yatsun yana aiki shekara goma, don haka wanda ya taɓa bayarwa ya tsallake mataki guda. Manyan taruka sukan yi rajista da hukumar shige da ficen Kanada, a ba su lambar taro ta musamman. Lambar tana cikin wasiƙar gayyata, akwai gurbinta a fom. Mutane da yawa suna barin gurbin fayau, sai takardarsu ta bi layin masu yawon buɗe ido, masu shirya taron kuma ba su da hanyar bin sawunta.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce, kuma ba laifin wanda aka hana ba ne kullum. A NeurIPS ta 2018 a Montiriyal da ta 2019 a Bankuba an hana masu bincike da dama daga Afirka biza, musamman masu zuwa zaman Black in AI na baƙaƙen fata masu bincike a fannin, har jaridu suka ɗauka. Yana cikin dalilan da suka sa aka tsara kai ICLR ta 2020, wani babban taron fannin, Adis Ababa, annobar korona ta mayar da ita ta intanet, sai a 2023 aka yi ta a Kigali. Abin yana mini ciwo ƙwarai, domin yaro ya yi aikin shekara guda, a ƙarshe wani ne zai tsaya gaban fostarsa.

Zulai: Ranka ya daɗe, izinin zaman Jamus ba ya taimakawa ne?

Farfesa: Yana taimakawa, 'yata, amma a san iyakarsa. Da katin zama na Jamus ana shiga sauran ƙasashen Shengen har kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba tare da biza ba. ACL ta 2025 da aka yi a Biyana, mai zama Jamus jirgin ƙasa kawai zai hau. Birtaniya da Ayalan ba sa ciki, sai da bizarsu. Ta Birtaniya ana iya nema daga wata uku kafin tafiya, hukunci kan fito cikin mako uku.

Wurin da katin ya fi amfani ga Kanada shi ne a matsayin hujjar cewa mutum zai dawo. To in saura wata biyu katin ya ƙare a ranar taron, hujjar ta zama akasin haka. Shi ya sa mai kwantiragin shekara biyu ya kamata ya sa nisan tafiyarsa a tsakiyar kwantiragin, ba a watanninsa na ƙarshe ba.

Hajiya Binta: Baba Farfesa, a ƙara da zancen Fiktionsbescheinigung, domin shi ne ramin da ba a gani. In katin zama ya ƙare kafin ofishin baƙi ya fitar da sabo, suna ba da wannan takarda ta wucin gadi. Iri-iri ce. Wadda aka yi wa alama a sashe na 81 sakin layi na 4 na dokar zaman baƙi ta Jamus tana ci gaba da izinin da ake da shi, ana fita da ita a dawo, muddin kwanakinta ba su ƙare ba. Wadda aka yi wa alama a sakin layi na 3 ba ta ba da damar dawowa. A buɗe takardar a duba akwatin da aka yi wa alama kafin a sayi tikiti. Ko mai sakin layi na 4 ma, ma'aikatan jirgi a wata ƙasa ba duka suka san ta ba, don haka a riƙe tsohon katin tare da ita, a je filin jirgi da wuri, a kuma zaɓi jirgin da zai sauka Jamus kai tsaye.

Haka sabunta fasfo. Katin zama yana ɗauke da lambar tsohon fasfo. In an karɓi sabo a ofishin jakadanci, sai an koma ofishin baƙi a sauya katin, kafin nan a riƙa tafiya da fasfo biyun tare. Wanda zai sabunta ya nemi mai shafi 64 na shekara goma, kuma ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa a NIN sun yi daidai da na fasfo, domin saɓanin harafi ɗaya kan tsayar da aikin.

Injiniya Sale: Da hanyar jirgi. Tikitin da ya fi araha zuwa Kanada sau da yawa yana ratsawa ta Amurka. A Amurka babu zama a zauren masu wucewa, kowa sai ya shiga ƙasar, don haka sai da bizarsu ko da awa biyu za a yi. Bizar Amurka kuwa a 2025 dala 185 ce da ganawa ido da ido, kuma a Yulin shekarar aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya shiga ɗaya, wata uku. Ba abin da za a shiga ba ne saboda rangwamen tikiti. A tace binciken tikiti, a cire duk wanda ke sauka can.

Kada kuma a nemi biza biyu a lokaci guda ba tare da an duba wa zai riƙe fasfo ba. Fasfo ɗaya ne, in yana hannun wani ofishi ɗayan zai jira.

Malam Habu: Ni fa ina ganin mun yi nisa cikin takardu mun bar babbar tambaya. Shin dole ne ya je? Ku ƙirga abin da tafiya ɗaya ke ci: kwana biyu zuwa uku na takardun biza da zuwa wani gari don zanen yatsu, mako guda na fosta ko jawabi da bidiyon da taruka ke nema a ɗora tun kafin lokaci, mako guda na taron, kwana uku na gajiya da sauyin agogo, yini guda na lissafin kuɗi. Mako uku sun tafi. Tafiya uku a shekara wata biyu ke nan duk shekara, wata huɗu cikin kwantiragin wata 24. Tarukan ACL suna ba da damar gabatarwa ta intanet, maƙala kuma tana shiga ACL Anthology, rumbun maƙalunsu, ko an je ko ba a je ba. Wanda zai ɗauke shi aiki gobe maƙala zai ƙirga, ba tambarin filin jirgi ba.

Farfesa: Malam Habu, lissafinka daidai ne, hukuncinka ne ban yarda da shi ba. Zaman fosta ta intanet sau da yawa mutum yana zaune shi kaɗai a ɗakin Zoom har lokaci ya ƙare. A zauren taro kuwa, awa ɗaya da rabi a tsaye, mutum talatin za su tsaya, biyar su yi tambayar da za ta gyara aikin gaba, ɗaya ya ce a turo masa takardun neman aiki. Mai kwantiragin shekara biyu tun watansa na goma sha biyu yake neman na gaba, kuma dokar Jamus ta ƙayyade shekarun da jami'a za ta riƙe mai digirin digirgir a kan kwantiragin wucin gadi, shida ne a ƙa'ida. Wanda ba a san fuskarsa ba, wa zai rubuta masa wasiƙar shaida ban da ubangidansa?

Inda na yarda da kai shi ne yawa. Babbar tafiya ɗaya a shekara, wadda yake da maƙala a babban zaure, sai ƙarama ɗaya a kusa. Fiye da haka ɓarna ce.

Malam Habu: Na karɓi ɗaya a shekara, ranka ya daɗe. Amma ƙaramar, in da hali, ta zama ta gida. Deep Learning Indaba, taron masu binciken koyon na'ura na Afirka, an yi ta a Akara a 2023, Dakar a 2024, Kigali a 2025. Gana da Senegal ba sa neman biza ga mai fasfon Najeriya, Ruwanda tana ba 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka a filin jirgi. Ga mai aiki kan Hausa, a can ne zai haɗu da mutanen Masakhane da HausaNLP, ƙungiyoyin masu aiki kan harsunan Afirka da Hausa, da ɗaliban da za su iya yi masa aikin tantance bayanai da kunnen ɗan harshe. Katin rigakafin shawara kawai kada a bari a gida.

Hajiya Binta: Zancen kuɗi, tunda Zulai ta tambaya. A jami'ar Jamus ba a sayen komai sai an sa hannu a Dienstreiseantrag, wato takardar izinin tafiyar aiki. Wanda ya sayi tikiti kafin sa hannu yana iya rasa kuɗinsa, kuma inshorar hatsarin aiki tana rataye da wannan izinin. A cike ta tun ranar tura maƙala, da ƙiyasin rajista da jirgi da masauki da kuɗin biza, a rubuta asusun aikin da za a cira. A nemi a ba da wani kaso tun kafin tafiya, domin yawanci mutum ne ke biya daga aljihunsa a mayar masa daga baya, kuma tafiyar Kanada tana iya cinye albashin wata.

Bayan dawowa, a dokar tarayya wata shida ne wa'adin miƙa lissafi, in ya wuce ya wuce, jihohi kuma kowace da tata dokar, a tambayi sakatariyar sashe. A ajiye katin shiga jirgi, rasit ɗin otal mai nuna kuɗin karin kumallo daban, da shirin taron. Alawus ɗin yini ana zabge shi in an ciyar da mutum: kashi 20 cikin ɗari na karin kumallo, 40 na rana, 40 na dare. In taron ya ba da abincin rana a faɗa, domin suna duba shirin. Wanda zai haɗa da hutu, ya buga farashin tikitin da zai saya in da aikin kaɗai zai je, a ranar da ya sayi nasa, ya ajiye. In hutun ya wuce kwanakin aiki biyar, dokar tarayya tana rage abin da za a mayar na jirgi. Tafiya cikin Tarayyar Turai kuma a nemi takardar A1, shaidar cewa mutum yana cikin inshorar ma'aikata ta Jamus, daga ofishin ma'aikata.

Rajistar da aka yi da wuri ta fi araha nesa ba kusa ba, sannan tarukan ACL da NeurIPS suna da tallafin tafiya da gurbin masu aikin sa-kai, amma wa'adin nemansu kan zo dab da fitar sakamako.

Ɗanjuma: To in duk an yi wannan bizar ba ta fito ba fa?

Dakta Rabi: Tun ranar miƙa kwafin ƙarshe a ajiye mafita. Dole marubuci ɗaya ya yi rajista a kan maƙalar, wannan ko'ina haka ne. A karanta dokar rashin halarta, domin tarukan IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, suna iya cire maƙalar da ba a gabatar ba daga rumbunsu na IEEE Xplore. A rubuta wa shugabannin shirin mako biyu kafin taro, a faɗa musu halin da ake ciki, a nemi sauyawa zuwa intanet ko a ba da sunan abokin aikin da zai tsaya. Otal a kama wanda ake sokewa kyauta, tikiti kuma kada a saya sai fasfo ya dawo hannu, ko a sayi wanda ake mayar da kuɗinsa in sashe ya yarda.

Zulai: Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: aikin da ke gudana a kan injinan jami'a yayin da mutum yake can.

Injiniya Sale: A ɗauka cewa ba za a iya taɓa shi ba har a dawo. Intanet ɗin zauren taro yakan toshe VPN, hanyar da ake shiga injinan jami'a daga nesa, lambar tabbatarwa kuma in tana zuwa ta saƙon waya, layin Jamus ba lallai ya kama a Kanada ba, don haka a mayar da ita kan manhaja kafin a tashi. Cibiyoyi suna yanke aiki bayan awa 24 ko 48, saboda haka horon ya riƙa ajiye zango duk bayan awa ɗaya, tare da matsayin Adam da na jadawalin saurin koyo, ba nauyin samfuri kaɗai ba, in ba haka ba ci gaban zai fara da tangarɗa. A jera ayyukan a Slurm da --dependency=afterany don na biyu ya ɗora daga inda aka yanke na farko. A sa ya riƙa goge tsofaffin zanguna ya bar biyu na ƙarshe, domin cikar ma'ajiya ita ce ta fi kashe aiki a daren farko. Kafin a tafi, a kashe aikin da gangan sau ɗaya a ga ko ya tashi da kansa.

Fosta kuma a duba girman allon a shafin taron kafin a buga. Takardar A0 milimita 841 ce a 1189, amma wani taro tsaye yake so, wani kwance, na Arewacin Amurka kuma da inci suke ba da awo. A buga a kan ƙyalle, a naɗe cikin jaka, ba sai an yi rigimar kwali a ƙofar jirgi ba. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ a duba su a fayil ɗin PDF bayan an fitar, domin in salon rubutun ba shi da su, akwatuna ne za su fito a tsakiyar misalan Hausa. A sa mahaɗin HDMI da kan soket irin na Kanada a jakar hannu.

Hajiya Binta: Zulai, in za ki tattara wannan cikin takarda ɗaya don zauren, ki sa ranar ƙarewar katin zama a layin farko, sama da ranar wa'adin maƙala. Ofisoshin baƙi na manyan birane sukan ɗauki watanni kafin su ba da ranar ganawa, don haka a nemi sabuntawa tun saura wata uku ko huɗu, a haɗa da wasiƙar gayyatar taron a matsayin dalilin gaggawa.